Kwas ɗin Wakilan Suna na Turanci a Intanet: Inda Ya Yi Zarra da Inda Ya Gaza

Kwas ɗin da wannan sharhi ya shafa ana bayar da shi ne ta manhajar waya da kuma shafin intanet, kuma abu guda ya sa a gaba, wato wakilan suna na Turanci, ƙananan kalmomin nan irin su "he", "she", "it", "they", "who" da "myself" waɗanda ke zama a gurbin suna domin kada a riƙa maimaita shi. An tsara shi domin wanda ya riga ya iya karatu da rubutu da Turanci daidai gwargwado, amma yake yawan tuntuɓe idan ya zo rubuta wasiƙar neman aiki, rahoton ofis ko amsar jarrabawa. Masu kwas ɗin sun ajiye shi tsakanin matakin B1 da B2 na ma'aunin ƙwarewar harsuna na Turai, wanda aka wallafa a 2001 da matakai shida daga A1 zuwa C2, kuma a ganina sun faɗi gaskiya, domin sabon ɗalibi zai sha wahala da saurin maganar malaman, ƙwararre kuma zai ga rabin darussan a matsayin bita. Kowane darasi yana zuwa da gajeren bidiyo, da taƙaitaccen bayani a rubuce, da tambayoyin da na'ura ke dubawa nan take, sannan a ƙarshen kowane babban sashe akwai aikin rubutu da malami ɗan Adam ke karantawa ya yi gyara.

Sashen farko shi ne mafi rauni, kuma abin takaici shi ne da shi ake cin karo tun daga bakin ƙofa. An ɓata lokaci mai tsawo ana jera ire-iren wakilan suna: na mutum, na mallaka, masu komawa kan mai aiki, masu nuna juna, masu nuni, na tambaya, masu haɗa ganga, wato wani yanki na jimla, da sunan da take bayani a kansa, da kuma waɗanda ba su fayyace kowa ba irin su "someone" da "nothing". Rabe-raben daidai suke, sai dai tambayoyin da suka biyo baya ba su wuce a ba ɗalibi kalma a ce ya faɗi rukuninta ba, alhali mutum zai iya haddace rukunan nan duka ya ci maki cikakke, ya koma ya rubuta jimlar da ba ta zauna ba. Abu ɗaya mai amfani da na tsinta a wurin shi ne gargaɗin cewa kalma guda tana iya shiga rukuni fiye da ɗaya gwargwadon aikin da take yi a jimla, kamar "that" da ke nuni a cikin "That is mine", take kuma haɗa ganga a cikin "the file that I lost", ko "who" da ke yin tambaya a wani wuri, ta yi haɗi a wani. Da da wannan aka buɗe sashen, da ɗalibi ya gane tun da wuri cewa matsayin kalma a jimla ake dubawa kafin sunan rukuninta.

Daga sashe na biyu ne kwas ɗin ya fara nuna abin da ya iya. Nan aka yi bayanin bambanci tsakanin siffar da wakilin suna ke ɗauka idan shi ne aikau, wato mai yin aikin, da wadda yake ɗauka idan shi ne karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa: "I" da "me", "he" da "him", "she" da "her", "we" da "us", "they" da "them", yayin da "you" da "it" ba sa sauyawa ko a ina suka faɗo. Kowa ya san wannan a jimla mai sauƙi, matsalar tana tasowa ne idan an haɗa mutum biyu da "and", kuma dabarar da malamar ta nuna ta cancanci yabo. Ta rubuta "The manager invited my brother and I" a kan farin allo, ta tsaya jim kaɗan, sannan ta sa tafin hannunta ta rufe "my brother and", ta bar ɗalibi yana kallon "The manager invited I", jimlar da kunnen kowa zai ƙi ba tare da an kira wata doka ba. Da ta ɗauke hannun sai ta goge "I" ta rubuta "me". Haka ta yi da "Me and my sister went home", ta rufe ɓangaren 'yar'uwar, aka ga abin da ya rage ba ya tsayawa da ƙafarsa. Ta ƙara da cewa bayan kalmomi irin su "to", "for", "with" da "between" siffar karɓau ce ke zuwa, don haka "between you and me" ake rubutawa, kuma ta bayyana dalilin da ya sa masu ilimi da dama ke cewa "between you and I", wato an yi ta yi musu gyara tun suna yara a kan "me and him" har suka ɗauka cewa "I" ta fi "me" daraja a ko'ina.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne yadda aka bi da wuraren da Turawan kansu ba su daidaita ba. A kan "taller than I" da "taller than me", da kuma "It is I" da "It's me", malamar ba ta yanke hukuncin cewa ɗaya daidai ne ɗaya kuskure ba. Ta ce na farkon kowanne yana da ƙamshin tsohon rubutu na ƙa'ida, na biyun shi ne abin da mutane ke faɗa a yau, kuma wanda ke tsoron mai duba jarrabawa ya cika jimlar ya ce "taller than I am", wadda babu mai iya tuhumarta. Irin wannan shawara ita ce ɗalibi ke bukata, domin tana gaya masa abin da zai rubuta gobe da safe a ofis.

A gefen darussan akwai gajerun bayanan tarihi da za a iya tsallakewa, amma ina ba da shawarar kada a tsallake su, domin suna warware abubuwan da in ba haka ba sai dai a haddace su a makance. Tsohon Turanci yana sauya ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, daga baya yawancin wannan tsari ya zube daga jikin sunaye, ya saura a wakilan suna, shi ya sa "the teacher" ba ta sauyawa amma "he" ke komawa "him". A da Turanci yana da "thou" da "thee" domin mutum ɗaya, "ye" da "you" domin jama'a, kamar yadda ake gani a fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James ta 1611. Sannu a hankali "you" ta zama kalmar girmamawa ko ga mutum ɗaya, "thou" ta fice daga daidaitaccen Turanci a cikin ƙarni na 17, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake cewa "you are" ko da mutum guda ake yi wa magana, bambancin tilo da jam'i ya saura a "yourself" da "yourselves" kaɗai. An kuma ambaci cewa "they", "them" da "their" aro ne daga harshen mutanen Sikandinabiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila.

Sashen mallaka gajere ne kuma ya wadatar. An raba "my, your, her, our, their" da ke zuwa kafin suna daga "mine, yours, hers, ours, theirs" da ke tsayawa su kaɗai, aka nuna cewa "his" tana yin aikin biyu. An tsaya sosai a kan ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama, domin shi ne ke jefa mutane cikin ruɗani: "it's" taƙaitawar "it is" ce ko "it has", "its" kuwa mallaka ce, haka ma "who's" da "whose", kuma "hers", "yours" da "theirs" ba sa ɗaukar alamar ko kaɗan, sai "one's" da irin su "someone's" ne suka fita daban. Bayanin gefe ya ce "its" ba ta bayyana ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, kafin nan "his" ce ke wakiltar namiji da abu marar rai gaba ɗaya.

A kan wakilan suna masu komawa kan mai aiki, kwas ɗin ya taɓo wani ciwo da ya zama ruwan dare a wasiƙun ofis, wato rubuta "Please send the report to myself" da tunanin cewa hakan ya fi ladabi. Ƙa'idar da aka bayar mai sauƙi ce: "myself" tana bukatar "I" a cikin jimlar da za ta koma kanta, ko dai a matsayin wanda aikin ya faɗa wa, kamar "I cut myself", ko domin ƙarfafawa, kamar "I checked it myself". Inda ban yarda da su ba shi ne batun "each other" da "one another", da suka koyar cewa ta farko ta mutum biyu ce, ta biyu ta uku zuwa sama, suka kuma sa na'urar ta riƙa yanke maki a kai. Wannan doka ta daɗe a littattafan makaranta, amma manyan marubutan Turanci sun daɗe suna amfani da su biyun ba tare da wannan bambanci ba, kuma bai dace kwas ɗin da ya yi adalci a kan "It's me" ya zo nan ya ƙeƙasa ƙasa ba.

Saɓani tsakanin abin da malamai ke faɗa a bidiyo da abin da na'ura ke karɓa a matsayin amsa shi ne babban aibin kwas ɗin, kuma ya fi fitowa fili a sashen "who", "whom", "which" da "that". Bayanin kansa mai kyau ne. An nuna yadda ake gwada "who" da "whom" ta hanyar amsa tambayar da "he" ko "him", idan "him" ce ta dace to "whom" ce, aka kuma faɗi gaskiya cewa a magana ta yau da kullum "whom" tana ja da baya, sai dai har yanzu dole ce idan ta biyo bayan "to" ko "with" kai tsaye, kamar "the officer to whom I spoke". An bambanta gangar da ke tantance wanda ake nufi, wadda ba ta ɗaukar waƙafi, da gangar da ke ƙara bayani kawai, wadda ake killacewa da waƙafi, aka kawo misali da "My brother who lives abroad called", mai nuna cewa mai magana yana da 'yan'uwa maza fiye da ɗaya, da kuma jimlar guda idan an sa mata waƙafi biyu, mai nuna cewa ɗaya ne tak. An ce "that" ba ta shiga ganga mai waƙafi, kuma ana iya zubar da wakilin sunan gaba ɗaya idan karɓau ne, kamar "the letter I wrote". Malamin ya ma ambaci cewa fifita "that" a kan "which" a ganga marar waƙafi shawara ce da masanin Turanci H. W. Fowler ya yaɗa a 1926, editocin Amurka suka riƙe ta da ƙarfi, marubutan Birtaniya kuwa suka ci gaba da amfani da duka biyun. Amma da aka zo tambayoyi, na cike gurbin "the car ___ I bought" da "which", sai jan layi ya bayyana da saƙon cewa amsar ita ce "that", ba tare da wani ƙarin bayani ba. Ɗalibin da bai da tabbaci a kan abin da ya sani zai gaskata na'urar ya ƙaryata malamin, ko ya fita da ruɗanin da ya fi wanda ya shigo da shi.

Haka abin ya sake faruwa a kan "they" mai wakiltar mutum ɗaya. Darasin ya fara da abin da babu gardama a kansa, cewa "everyone", "somebody", "each" da "nobody" suna ɗaukar aikatau na tilo, don haka "everyone is" ake cewa, kuma "none" tana iya ɗaukar tilo ko jam'i. Daga nan sai tambayar da ta daɗe tana raba kan masana: idan an ce "Someone left ___ phone", me za a sa a gurbin? Bidiyon ya bi tarihin a tsanake. Amfani da "they" ga mutum ɗaya da ba a san jinsinsa ba yana cikin rubutun Turanci tun ƙarni na 14. A 1745 Ann Fisher ta rubuta a littafinta na nahawu cewa "he" tana iya wakiltar namiji da mace, masu nahawun da suka biyo baya irin su Lindley Murray suka ƙarfafa wannan ra'ayi, har a 1850 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta ce kalmomin jinsin namiji a cikin dokoki sun haɗa da mata. A zamaninmu abin ya juya, kamfanin dillancin labarai na AP ya amince da "they" ta tilo a wasu wurare a 2017, ƙamus ɗin Merriam-Webster kuma ya zaɓe ta kalmar shekara a 2019. Bayan duk wannan bayani, tambayoyin sashen ba su karɓi "their" ba, "his or her" kawai suke so. Da alama an rubuta tambayoyin ne tun kafin a sabunta bidiyoyin, kuma babu wanda ya koma ya daidaita su.

Wani giɓin da na lura da shi shi ne kwas ɗin bai kula da harshen da ɗalibi ya tashi da shi ba, alhali yawancin kurakuran wakilan suna daga can suke tasowa. Mai jin Sifaniyanci ko Italiyanci yakan zubar da aikau ya rubuta "Is raining", domin harshensa ba ya bukatar wannan "it" da ba ta wakiltar komai. Mai jin Turkanci ko Farisanci yakan gauraya "he" da "she", domin kalma ɗaya ce ke wakiltar su biyun a wurinsa. Mai jin Hausa kuwa, da ya saba cewa malam ya zo, inda suna da lamirinsa, wato "ya", ke tafiya tare, yakan rubuta "The teacher he came", kuma shi da mai jin Larabci sukan bar wakilin suna a ƙarshen ganga su ce "the man that I saw him". Darasi guda da zai jera irin waɗannan tarkuna, kowa ya nemi nasa, da ya rage wa ɗalibai wahala mai yawa. Babu kuma sashen sauraro, duk da cewa a magana mai sauri sautin farko na "him" da "her" yakan ɓace, "them" kuma ta koma wani ɗan guntun sauti, abin da ke sa mai koyo ya kasa kama wanda ake magana a kansa ko da ya san ƙa'idar a takarda.

Aikin rubutun da malami ke dubawa shi ne ya rama waɗannan gazawa, kuma shi ne dalilin da zai sa in ce wa mutum ya shiga kwas ɗin. Ana ba ɗalibi batu, kamar bayanin wani taro da aka yi saɓani tsakanin ma'aikata uku, a ce ya rubuta sakin layi biyu ko uku, kuma an zaɓi batutuwan da gangan domin su tilasta masa juya mutane da yawa a cikin 'yan jimloli. A nan ne ake gano kuskuren da babu tambayar cike gurbi da za ta iya kamawa, wato wakilin sunan da ba a san wanda yake wakilta ba. A misalin gyaran da ake nuna wa kowa kafin ya fara, an rubuta "When the director met the accountant, he was angry", malamin ya zagaye "he", ya ja kibiya biyu, ɗaya zuwa darakta ɗaya zuwa akanta, ya sa alamar tambaya a gefe, bai rubuta komai ba bayan haka. Sai a ƙasa ya kawo hanyoyin gyara biyu, ko a maimaita sunan, ko a sake gina jimlar yadda mai fushin zai zo a farko. A nawa rubutun, gyaran ya fi tsayawa a kan "this" da ke buɗe jimla bayan dogon bayani, inda malamin ke neman a ƙara mata suna, a ce "this delay" ko "this decision", domin mai karatu ya san wane ɓangare na maganar baya ake nufi. Yakan kuma yi alama duk inda aka fara da "one" aka koma "you" a tsakiyar sakin layi. Wannan gyara ne na mai karatu da ya zauna ya bi ma'ana, kuma yana sauya yadda mutum ke duba rubutunsa kafin ya aika.

Sai dai ko nan akwai abin gyara. Amsar malami takan yi jinkiri fiye da lokacin da aka yi alkawari, har mutum ya wuce zuwa wani sashe ya manta abin da yake nufi lokacin da ya yi rubutun. Ba malami ɗaya ke bin ɗalibi daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma hannunsu ya bambanta, wani yana bayani dalla-dalla, wani yana ja layi kawai ya wuce, har akwai lokacin da ɗaya ya bar "their" ta tilo ta wuce, na gaba ya ja mata layi. Ba a kuma ba da damar mayar da rubutun da aka gyara domin a sake dubawa, alhali a karo na biyun ne ake sanin ko gyaran ya shiga.

Ta fuskar aiki da manhajar, bidiyoyin suna da rubutun abin da ake faɗa a ƙasa, ana iya rage saurinsu, ana kuma iya sauke su a kalla ba tare da intanet ba, amma tambayoyin ba sa buɗewa sai da haɗi. A ƙaramar waya dogayen jimloli sukan karye a tsakiya yadda waƙafi ke faɗawa farkon layi na gaba, abin da ke da illa a darasin da waƙafi ɗaya ke sauya ma'ana, don haka sashen gangunan ya fi kyau a yi shi a kwamfuta. Jarrabawar ƙarshe duk zaɓi-ɗaya ce, kuma takardar shaidar da ake bayarwa ta dogara ne da ita kaɗai, ba a lissafa aikin rubutu a ciki ba.

Wanda ke rubuta wasiƙu da rahotanni da Turanci a wurin aiki, ko ɗalibin da zai rubuta dogon aikin bincike, zai amfana idan ya ratsa sashen farko da sauri, ya zauna sosai a kan sashen aikau da karɓau da na ganguna, ya kuma yi kowane aikin rubutu ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Duk inda na'ura ta ja masa jan layi a kan abin da malami ya halatta a bidiyo, maganar malamin ya kamata ya riƙe. Mai shirin jarrabawa kuwa ya binciki tsoffin tambayoyin hukumar da zai zauna wa, domin wasu masu jarrabawa har yanzu suna bin tsohuwar ƙa'ida a kan "whom" da "his or her", kuma a wannan yanayi kaɗai tsaurin na'urar zai yi masa amfani.